Shin Ana Gadon Shaye-shaye?

Darasinmu na yau ya tsaya a kan wata tambaya da ake yi a gidaje da yawa, amma da murya ƙasa-ƙasa. Uwa tana kallon ɗanta mai shekara 14 yana girma, tafiyarsa irin ta ubansa, dariyarsa irin ta ubansa, sai gabanta ya faɗi, domin giya ce ta kai uban kabari. Saurayi kuma yana ji ana nuna shi a unguwa ana cewa, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Wataƙila kai ne wannan saurayi. Wataƙila ke ce wannan uwa. To, gaskiya ne ana gadon shaye-shaye kamar yadda ake gadon tsayi da launin fata?

Kafin mu amsa, bari mu fara duba ƙasar da muke zaune a kai.

Abin da aka samu a saiwar tafashiya

Ka san itacen tafashiya, wanda masu maganin gargajiya ke tafasa saiwarsa domin zazzaɓi da ciwon jiki. A shekara ta 2013 waɗansu masana daga Grenoble a ƙasar Faransa suka ba da labari cewa sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiyar da aka haƙo a arewacin Kamaru. Duniya ta yi mamaki, gama tiramadol magani ne da wani kamfanin Jamus ya harhaɗa a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Ashe itace yana yin sa da kansa?

A 2014 wani rukunin masana daga Jamus da Kamaru, ƙarƙashin Michael Spiteller na jami'ar Dortmund, suka sake bin sawun maganar. Suka tarar tafashiyar kudancin ƙasar ba ta da komai. A Arewa Mai Nisa kuwa, can wajen Marwa, ba a tafashiya kaɗai aka same shi ba: yana cikin waɗansu itatuwa, yana cikin ƙasa, yana cikin ruwa. Manoma suka gaya musu cewa suna sha domin su jure aiki a rana, suna kuma ba shanun huɗa. Fitsari da kashin mutane da na dabbobi ne suka kai maganin cikin ƙasa, saiwoyi suka tsotse.

Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Ƙwayar da muke kira tiramol ta yi yawa a wannan yanki har itatuwan jeji sun sha. A Garwa ba sai an nuna maka ba. Ɗan acaba da ke yini a kan babur cikin zafin Maris da Afrilu, mai dako a babbar kasuwa, mai aiki a gonar auduga, da yawa sun san ta. Ka ƙara da bilbil, wato burkutun dawa na wannan yanki, da arki mai ƙuna, da wuski na leda wanda gwamnati ta ce za a hana tun 2014 amma aka yi ta ɗaga wa'adi. Idan akwai rauni a jinin mutum, a nan ba zai daɗe bai gamu da abin da zai taɓa raunin ba.

Amma ga abin lura. Mutum goma sukan ɗanɗana abu ɗaya. Waɗansu su bari ba wahala, waɗansu su riƙa taɓawa jefi-jefi, ɗaya ko biyu kuma su nutse har su sayar da babur. Me ya bambanta su?

Abin da iyaye suke ba mu

Jikinka an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta. A cikin kusan kowace ɗaya akwai rubutaccen tsari, an naɗe shi cikin ƙunshi 46, guda 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikin ƙunsoshin nan akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Su ne suke faɗa wa hanta yadda za ta narkar da abin da ka sha, su faɗa wa ƙwaƙwalwa yadda za ta ji daɗi da yadda za ta ji tsoro.

Yawancinmu mun san maganar gado ta hanyar ciwon sikila. Ƙwayar gado ɗaya ce ke kawo shi. Wanda ya karɓi S daga uwa da S daga uba yana da ciwon, ko a ina aka goye shi, ko me ya ci. Shi ya sa ake gwada jini kafin aure. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su ɗauka jarabar shaye-shaye ma haka take. Ba haka take ba. A 1990 waɗansu masana a Amurka sun yi shelar cewa sun gano ƙwayar gadon da ke da alaƙa da mashaya, jaridu suka yi ta yayatawa, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da ita yadda aka zata ba. Abin da aka sani yau shi ne, ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne suke haɗuwa, kowace tana ƙara ɗan kaɗan ko ta rage ɗan kaɗan, kamar yadda ake tara mudu-mudu har buhu ya cika.

To, yaya aka san gado yana ciki? Ta hanyar 'yan biyu da kuma 'ya'yan riƙo. 'Yan biyu masu kama ɗaya suna da tsarin gado iri ɗaya, marasa kama kuwa kamar sauran 'yan'uwa suke. An lura idan ɗaya ya zama mashayi, ɗayan ya fi saurin zama haka in masu kama ɗaya ne. Amma ba kullum ba, ka riƙe wannan. Sa'an nan a 1973 Donald Goodwin da abokan aikinsa suka bi sawun yara maza a ƙasar Denmak waɗanda aka ba da su riƙo tun suna jarirai, ba su tashi a hannun iyayen da suka haife su ba. Cikin waɗanda mahaifansu mashaya ne, kimanin kashi 18 cikin 100 suka zama mashaya. Cikin sauran, kashi 5 ne. A 2012 Kenneth Kendler ya duba 'ya'yan riƙo fiye da 18,000 a Suwidin game da miyagun ƙwayoyi, ya tarar haɗarin ya ninka sau biyu ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta jini ke sha. Idan aka tattara irin waɗannan bincike, masana suna cewa kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane a wannan haɗari daga gado yake, rabi daga rayuwa.

Yanzu ka sake karanta lissafin Goodwin daga ɗaya gefen. Idan 18 suka faɗi, 82 ba su faɗi ba. Takwas cikin goma na 'ya'yan mashaya ba su gaji ubanninsu ba. Hausawan da suka yi karin maganar barewa, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Hanta biyu, ƙwaya ɗaya

Bari mu koma kan tiramol, gama a nan ne aka fi ganin aikin gado a fili.

Idan ka haɗiye ƙwayar, hantarka tana juya wani sashi nata ya zama wani sinadari dabam, wanda ya fi ƙwayar kanta ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan sinadari na biyu shi ne yake kama wurin da hodar iblis ta heroin da mofin suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Ma'aikacin da ke wannan juyi a cikin hanta, ƙwayar gado mai suna CYP2D6 ce take ƙera shi. Kuma ba daidai yake a jikin kowa ba. A cikin Turawa, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 kusan ba su da wannan ma'aikaci. Waɗansu mutane kuma sun gaji ninkinsa, hantarsu tana juyi da gaggawa: a ƙasar Habasha an sami kusan mutum 29 cikin 100 haka suke, alhali a arewacin Turai 1 ne ko 2. A ƙasashenmu na kudu da Sahara akwai wani nau'i mai sanyin aiki da ya yaɗu ƙwarai.

A ce abokai biyu a tashar 'yan acaba sun raba kati ɗaya. Na fari mai hanta mai gaggawa ne. Ƙwaya ɗaya ta ɗauke shi, ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba, gobe yana nemanta. In ya yawaita, numfashinsa yana iya raguwa har ya tsaya cikin barci. Na biyu bai ji wani abin kirki ba, sai ya ce bari ya ƙara biyu, ya ƙara uku. Ƙwayar ta taru a jininsa, tiramol mai yawa kuwa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ko da mutum yana kan babur da fasinja a baya. Don haka maganar nan ta "ni ina shan huɗu ba abin da take yi mini, kai ma sha" maganar banza ce. Hantarsa ba taka ba ce.

Likitoci sun ƙayyade cewa babba mai ciwo kada ya wuce miligiram 400 a yini. Ta asibiti 50 ce ko 100. Waɗanda ake sayarwa a ɓoye a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya sukan kai 200, 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Biyu kawai sun kai iyaka ko sun ƙetare ta. Wannan ma'aikaci na hanta shi ne kuma yake juya kodin ya zama mofin, kodin ɗin nan na maganin tari da Nijeriya ta hana yi da shigowa da shi a 2018. Saboda irin wannan bambanci ne hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 tiramadol da kodin a 2017.

Mai ƙarfin kai

Giya ma hanta ce take narkar da ita, mataki biyu. Da farko ta zama wani dafi, sa'an nan dafin ya zama abu mara lahani. A Sin da Japan da Koriya, kimanin mutum ɗaya cikin uku ya gaji rauni a mataki na biyu. Da ya sha kaɗan sai dafin ya taru, fuska ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa, amai ya taso. Irin waɗannan mutane ba su cika zama mashaya ba. Ka ga wani gadon kariya yake yi. A cikin mutanen Afirka ma akwai wani nau'i mai suna ADH1B*3 da ke hanzarta mataki na farko, an kuwa lura yana ɗan rage haɗari ga waɗansu masu ɗauke da shi.

Amma abin da na fi so ka riƙe a wannan darasi shi ne binciken Marc Schuckit na San Diyego a Amurka. Ya tara samari fiye da 400 masu kimanin shekara 20, rabinsu 'ya'yan mashaya, ya ba su giya gwargwado ɗaya, ya auna yadda kowa ya yi tangaɗi. Bayan shekara goma ya sake nemo su. Waɗanda giya ba ta kama su da wuri ba, su ne suka fi zama mashaya, wajen ninki huɗu. An kuma fi samun irin wannan jiki a cikin 'ya'yan mashaya.

Ka gani? A gidan bilbil wa ake yabo? Wanda ya sha ƙwarya shida ya tashi tsaye cak. Ana ce masa namiji, mai ƙarfin kai. Wanda ƙwarya ɗaya ta sa shi jiri ana yi masa dariya. Alhali jiri da tashin zuciya su ne masu gadin da ke cewa "ya isa". Mai ƙarfin kai an haife shi ne da mai gadi mai nauyin barci. Yana sha da yawa kafin ya ji abin da wani ya ji da kaɗan, hantarsa da ƙwaƙwalwarsa kuwa suna karɓar dukan abin da ya zuba. Ɗan'uwa, in kai ne ake yabo haka, kuma mahaifinka ko kawunka haka yake, wannan yabo gargaɗi ne.

Taba ma tana da nata. A 2008 aka gano wata ƙwayar gado mai suna CHRNA5 da ke sa waɗansu masu shan sigari su fi zuƙa da yawa, su kuma fi shan wuyar bari. A 2023 kuma aka wallafa wani babban bincike a kan mutum fiye da miliyan ɗaya, aka tarar akwai wurare a tsarin gado da ke ƙara haɗarin jaraba gaba ɗaya, ko ta giya, ko ta taba, ko ta wiwi, ko ta ƙwaya. Da yawansu sun shafi dofamin, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki idan ta sami abin da take so, wanda yake koya mata ta ce "a sake". Wannan ya bayyana abin da muke gani da idonmu: kaka bilbil, uba arki, jika tiramol. Abin sha ya canja, raunin ɗaya ne. Sai dai a cikin mutanen da aka auna, masu asalin Afirka ba su kai 100,000 ba, saboda haka kada wani ya yaudare ka da cewa yana da gwajin jini da zai nuna ɗanka zai zama mashayi. Tarihin gidanku ya fi kowane irin gwaji faɗa maka gaskiya.

Iri da gona

Manomin auduga ya san iri kaɗai ba ya cika ma'auni. Sai da ƙasa, da ruwa, da lokacin shuka. Haka yake a nan.

A lokacin yaƙin Biyetnam, kimanin ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da aka bincika sun kamu da heroin, domin tana da arha, tana ko'ina, ga tsoro da kewar gida. Wata masaniya mai suna Lee Robins ta bi sawunsu bayan sun koma gida a 1971. A shekara ta farko, wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma cikin jarabar. Jininsu bai canja ba. Wurin zama ne ya canja, da abokai, da abin da ke kusa da hannu.

Lokacin farawa ma yana da nauyi ƙwarai. Sashin gaba na ƙwaƙwalwa, mai riƙe linzami, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wani babban bincike a Amurka a 1997 ya nuna wanda ya fara shan giya kafin shekara 15 ya fi wanda ya jira har ya kai 20 haɗarin zama mashayi wajen sau huɗu. To, ka tuna yadda ake aiken yara sayen bilbil, a ce su ɗanɗana a hanya ba laifi. Ka tuna yaron da ake ba rabin ƙwaya ranar noma domin kada ya gaji. Idan a gidan akwai wannan rauni, an yi shuka ke nan a farkon damina.

Akwai kuma gadon da ba na jini ba. Yaron da ya tashi cikin duka da zagi, da yunwa saboda kuɗin cefane ya tafi gidan giya, yana ɗauke da ciwo a zuciya, ciwo kuwa yakan nemi abin da zai kwantar da shi. Ɗan mashayi sau da yawa yakan gaji biyun tare. Na jini ba a iya sauya shi. Na biyun kuwa ana iya tare shi, in aka sami kawu ko inna ko malami da zai ja yaron a jiki.

Maganar la'ana

Na san a cikinmu akwai masu cewa irin wannan gida la'ana ce ke bin sa. Tsohuwar magana ce. A zamanin annabi Ezekiyel, mutanen da aka kai bauta Babila suna da karin magana da ke ɗora wahalar 'ya'ya a kan abin da ubanni suka ci, sura 18 ta littafinsa kuwa an rubuta ta ne domin a hana su wannan magana, a nuna kowa da nasa alhaki. Ka karanta ta a natse. Abin da masana suka gano bai yi faɗa da wannan ba. Ɗan mashayi ba ya gadon laifin ubansa, rauni yake gada, kamar yadda wani ke gadon hawan jini ko ciwon suga. A ganina, kiran abin la'ana yana yin ɓarna biyu. Yana sa saurayi ya ce tun da an riga an rubuta, bari in sha. Yana kuma sa iyali su rufe bakinsu saboda kunya, su ce kaka ciwon ciki ne ya kashe shi, alhali hanta ce ta ruɓe.

Haka kuma, wanda bai taɓa faɗuwa ba ya rage taƙama. Mai yiwuwa yaƙin da maƙwabcinka yake yi kowace safiya, kai ba a taɓa kai ka fagensa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Ka zauna ka lissafta: uba, uwa, kakanni huɗu, baffanni, kawunnai, gwaggo da inna, yayye da ƙanne. Nawa ne a cikinsu giya, ko ƙwaya, ko wiwi, ko sholisho ya fi ƙarfinsu? In ka sami ɗaya na kusa, ko biyu zuwa uku a dangi, ka ɗauki kanka a matsayin mai wannan rauni. Ga irinka, "kaɗan-kaɗan" ba hanya ba ce mai aminci, gama ƙwayoyin gadon nan ba su da abin da za su kama sai ka ba su kurɓi na farko. Ka faɗa wa 'ya'yanka tun suna shekara 10 ko 12, a fili, ba tare da zagin wanda ya mutu ba: "Kakanku mutumin kirki ne, amma giya ta fi ƙarfinsa, jininsa kuwa yana jikinmu. Abin da abokanku za su taɓa su tsira, mu yana iya riƙe mu."

In kuwa ka riga ka shiga, gado bai rufe maka ƙofar fita ba, amma kada ka fita da ka. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, in ya yanke farat ɗaya, cikin kwana biyu zuwa uku yana iya kamuwa da rawar jiki, da gane-gane, da jijjiga, har mutuwa. Tiramol ma a hankali ake rage shi, in ba haka ba ciwon gaɓoɓi, da gumi, da zawo, da rashin barci su mai da mutum baya. Ka je babban asibitin yanki a Garwa, ko asibitin da ya fi kusa da kai a Gidar, ko Pitowa, ko Lagdo, tare da wani ɗan'uwa da ka amince da shi. Ka faɗa wa likita ainihin abin da kake sha, nawa a yini, tun yaushe, da ko ka taɓa faɗuwa kana jijjiga. Ko da wani ciwo dabam ne ya kai ka, kamar karaya ko tiyata, aka zo rubuta maka maganin kashe zafi, ka gaya masa akwai shaye-shaye a danginku, domin ya zaɓi maganin da ya dace, ya kuma ƙayyade kwanakin da za ka sha.